Tabon Dutsen Guga

Litinin, 3 ga Maris

Auta ya dawo. Masu kakin da suka kwashe shi daga tashar mota bara su suka sauke shi a bakin titi, ba su ce ga laifinsa ba, ba su ce a yi haƙuri ba. Ya rame, haƙoransa na gaba babu. Na rungume shi, ya sandare kamar itace.

Shi ya koya mini rubutun nan bayan na yi furfura. Ya ce in abu ya cika mini ciki in zuba a takarda. To, ga shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Ba ya cire riga. Ko wanka zai yi, da ita yake shiga.

Asabar, 8 ga Maris

Da safe na jona dutse zan goge kayan mutane, a teburina na kullum, dab da ƙofar ɗakinsa. Na yayyafa wa zanen gado ruwa, na ɗora dutse, tururi ya tashi. Ban ga fitowarsa ba. Ya kifar da teburin, ya fizge waya daga bango har wuta ta yi tartsatsi, ya wurgo dutsen, ya wuce ta gefen kunnena ya tarwatsa madubi. Sai ya shaƙe ni. Ɗana. Idonsa a kaina amma ba ni yake gani ba, yana ihu, "Na ce muku ban san su ba!" Ina so in ce Inna ce, murya ta ƙi fita. Maƙwabcinmu mai walda ne ya ɓamɓare shi.

Yanzu yana ƙarƙashin gado. Yawu ma da ƙyar nake haɗiyewa.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kwashe wuƙaƙe da almakashi na ɓoye a buhun gawayi. Allah ka yafe mini, tsoronsa nake ji.

Talata, 11 ga Maris

Ma'aikaciyar jinyar da ta duba wuyana ba ta yarda faɗuwa na yi ba. "Mama, ƙasa ba ta da yatsu." Na gaya mata gaskiya. Ta ce bayan asibitin akwai cibiyar da ke kula da waɗanda aka azabtar. Na ce ɗana ba mahaukaci ba ne. Ta ce ita ma ba ta ce ba.

Da yamma Yaya ya zo, ya ga wuyana. Ya ce akwai gidan da ake ɗaure irinsu har su nutsu. "Yau wuya, gobe gawa. Ni zan binne ki, ba shi ba." Ban ce e ba. Amma ban ce a'a ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Sun zo da rana, Yaya da ƙarti uku, da sarƙa a cikin buhu. Auta na jin ƙararta ya haɗa kansa da bango. Suka danne shi a tsakar gida, ɗaya ya sa masa gwiwa a wuya. Ya ciji hannun wani har jini. Yana kuka kamar ba muryar mutum ba, ya yi fitsari a wando. A wannan kokawa rigarsa ta yage.

Na ga bayansa.

Na tsufa a kan guga, na san sawun dutse ko ido a rufe. Ga tsinin, ga faɗin gindin, har ƙananan ramukan da tururi ke fita sun fito a fatarsa. Ba ɗaya ba. Tun daga kafaɗa har ƙugu, wani kan wani. Ni kuma kullum ina hura masa wannan zafi a bakin ƙofa.

Ban san na ɗauki muciya ba. Na maka wa mai gwiwar a haƙarƙari, na ƙara masa. Yaya ya ce, "Ke ma kin haukace?" Na ce, "Duk wanda ya sake taɓa shi, sai dai a haɗa mu a sarƙar." Suka fita suna zagi, suka bar buhunsu.

Laraba, 19 ga Maris

Mun je cibiyar. Ya yarda ne don na ce in bai je ba Kawunsa zai dawo. Ɗakin ba gado, ba allura, kujeru ne kawai. Wata mata mai tabarau ta ce ya zaɓi inda zai zauna. Ya zaɓi inda yake ganin ƙofa, ta bar ta a buɗe. Ba ta tambaye shi me aka yi masa ba. Ta ce ranar da ya ga dama.

Ni ta ce da ni in abin ya motsa masa kada in riƙe shi, kada in tare ƙofa, in matsa nesa in riƙa faɗa masa inda yake. In ya taɓa ni kuma in fita in kira mutane, ba don a ɗaure shi ba. Sai ta ce, "Ke fa, Mama, kina barci?" Wai ranar Alhamis iyaye na zama. Ina ruwanta da barcina? Ba ni aka ƙona ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Na mayar da guga shagon mai walda. Zafi biyu. Ya ce in na ci gaba a haka, sai ya koya mini walda in huta.

Litinin, 31 ga Maris

Ya dawo daga cibiyar ya farfasa kofuna, ya naushi bango har ƙashin yatsa ya goce. Na tsaya nesa, ina ta cewa, "Gida ne, Auta. Ga randa, ga igiyar shanya, ga Innarka." Ya daɗe. Sannan ya zauna a cikin fasassun kofunan ya ce, "Inna, na ji miki ciwo?"

Mai tabarau ta ce in aka fara magana yakan yi haka. Ita ba kofunanta ba ne.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na raka shi, rana ta yi zafi, sai na zauna a bencin iyayen nan. Don inuwa. Wata ta ce nata ɗan ba ya iya jin ƙarar famfo. Na kasa kunne har Auta ya fito.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Da safe ya miƙo mini farar rigarsa. Ya ce shi da mai tabarau sun daɗe suna shirya wannan. "Ki goge a nan gida, Inna. Zan zauna a bakin ƙofa. In na ce tsaya, ki tsaya."

Na ɗauko dutsen daga shago. Na jona. Gumi na zubo masa, yana kiran sunan abin da yake gani a hankali, randa, igiya, Inna. Ya ce tsaya, na tsaya. Ya ce ci gaba. Idona na kansa, na manta da hannuna, sai ƙauri. Na ƙone wuyan rigar. Ni, da ban taɓa ƙona kayan kowa ba.

Ya dubi rigar, ya dube ni. "Wannan mai gugar, a sallame ta." Ya yi dariya, har giɓinsa na gani.

A haka ya sa ta muka tafi. A benci aka tambayi mai magana, na ɗan ce wani abu, ba da yawa ba.

Sarƙar Yaya na ba mai walda ya yi abin da ya ga dama da ita. Wuƙa ɗaya na fito da ita daga gawayi, albasa ce ba ta yankuwa da cokali.