Hoton da Ya Watsa Mana Zalɓe

Yaya Wendell,

Yanzu hankalinka ya kwanta? Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ka ce mata lafiyata ƙalau. Gidan kifin da nake wa aiki dai sun sallame ni, wai gadin sa-kai na sheƙun zalɓe ya cinye ni.

Da ka zo Nanaimo ka ɗauki hoton sheƙun, na roƙe ka kada ka nuna wurin. Sai ka saka hoton a intanet, har da sunan hanya. Masu kyamara sun cika gindin bishiyoyi, iyayen na firgita su tashi, hankaki na kwashe ƙwai. Ni mai bakin nan, ko tsawa ba dama, muryata ma korarsu take.

Sheƙa kaɗan suka rage. Don Allah cire hoton yau. Sannan ka fito gaban masu yaba maka, ka faɗi dalili.

Ƙaninka,
Corey