Mayafinki ya bar aikin gwamnati

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, ina sanar da ke cewa an yaba mini a wurin aiki. Na san za ki so ki ji, domin duk zaman da kika yi gaban kasko don irin wannan rana kika yi shi.

"Malama Hajara, tashi kowa ya gan ki." Darakta ne da ya zo daga Kaduna yake magana, ya tara mu a ɗakin taro. Na miƙe. Ya ce duk zuwan ba-zata da ya yi watan jiya, da sassafe ne ko dab da tashi, bai taɓa leƙa ofishinmu ya rasa alamar ina nan ba. Ya ce da irina ake gina ƙasa a wannan zamani na tsuke bakin aljihu. Aka yi tafi.

Watan jiya, Inna, ke kin san inda nake. Ina bakin gadonki a Kusfa, ina juya ki, ina ba ki kunu da cokali kina kawar da kai. Daga nan kuma ina kan tabarmar makoki.

Ban taɓa gaya miki yadda muke aiki ba, don ban so in rage miki jin daɗin ce wa maƙwabta 'yarki tana ofis. A ma'aikatarmu ba mutum ake nema ba, alamarsa ake nema. Namiji ya ajiye hula a kan tebur, mace ta rataya mayafi a bayan kujera, kowa ya kama gabansa. Duk wanda ya zo nema sai a ce masa, ai yana nan, ya ɗan zagaya ne, ga hularsa. Malam Tukur, shugaban sashenmu, huluna biyu gare shi, ta kai da ta aiki. Ta aikin ta fi shi zuwa a kan lokaci, kuma ban taɓa jin ta yi wa kowa tsawa ba.

Kin tuna koren mayafinki da kika ba ni, kika ce in riƙa salla da shi a ofis? Ranar da aka zo aka ce kin yanke jiki kin faɗi, na idar da azahar ke nan, na rataye shi a kujera. Na fita a guje ban waiwaye shi ba. Shi ya zauna ya yi wa gwamnati aiki har aka yi sadakar bakwai ɗinki. Shi Darakta ya yi ta gani, shi aka yi wa tafi.

Malam Tukur ya san komai. Shi ya ba ni izinin tafiya, ya zo gaisuwa har zaurenmu, ya ci wainar sadaka ya ƙara. A ɗakin taron kuwa tafinsa ya fi na kowa ƙara. Da aka watse na same shi na ce ya kamata a gaya wa Darakta gaskiya. Ya dube ni kamar na ce a rushe ganuwa.

"Haba Malama, ai sunan sashe ne ya fito. Ki yi shiru, ƙarin girma na nan tafe." Har na juya ya ƙara da cewa, "Mayafin nan kuma kada ki ɗauke shi daga wurin."

A ranar ne kuma na ji cewa wani dattijo daga ƙauye, cikin manoman da ke zuwa neman takin zamani, ya yi ta zuwa yana wuni a benci yana kallon kujerata. Kullum a ce masa yanzu za ta dawo. Damina ta yi nisa, ya daina zuwa. Masu ba ni labarin dariya suke yi.

Na yi karatun tattalin arziki a jami'a, Inna, kin yi ta ba mutane labari ko da ba ki san me ake koyarwa a ciki ba. To ga abin da ya amfane ni da shi: na zauna na auna, na ga aikin da ƙyalle zai iya yi a madadina har a yaba, bai kamata in ba shi ƙuruciyata ba.

Ke fa? Ban taɓa ganin kin rataya wa kasko mayafi kin tafi ba. In kika ɗauke ido, alkaki ya ƙone, kuma duk unguwa sai ta ji ƙauri. In nakiyarki ta yi kyau a gidan biki, a ce ta Inna ce ta Kusfa. In ba ta yi ba ma, ke za a kira. Ban san darajar hakan ba sai da na zauna inda ba mai iya ƙona komai, don ba abin da aka ɗora a wuta.

Cikin masu zuwa gaisuwa akwai wata Hajiya daga Ƙofar Jatau. Bayan ta yi addu'a ta matso, cikin jin kunya, ta tambaye ni a kunne wa zai yi mata kayan garar 'yarta yanzu. Na ce mata ban sani ba. Ranar tafin nan da yamma na aika mata cewa ni ce.

Na sauke kaskonki da turminki. Dubulan ɗin farko ya fito kamar igiyar ɗaure akuya, na biyu ya yi dama. Ban tsaya a kan biki kaɗai ba. Ina ƙullawa a ƙananan leda ina kai wa masu kanti a Tudun Wada, kuma 'yan makaranta a Samaru sun fara tambaya.

Kawu Shehu ya zo har gida. Ya ce mai digiri ta koma suya, me za a ce a unguwar Kwarbai, kuma fanshon fa? Na ce masa Kawu, shekara nawa ka yi kana hawa mota zuwa Kaduna bin naka fanshon? Ya ce na yi rashin kunya. Na ba shi haƙuri, na cika masa kwano da alkaki. Bai bar ko ɗaya ba.

Maganarsa ba ta dame ni ba. Taki ce take damuna. Kin sha kama hannuna kina dubawa, kina cewa, "Wannan hannu man suya ba zai ƙona shi ba, alƙalami zai riƙe." Ga shi yau da tabo biyu a wuyan hannu, daidai inda naki suke. Na saɓa miki, Inna. Ban san ko sana'ar za ta riƙe ni ba, albashi kuwa ko ba komai yana zuwa. Amma da kin ga dattijon nan a benci, na san ke da kanki za ki ce in taso.

Allah Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya saka miki da kowane ɗigon mai da ya taɓa fatarki saboda ni. Ni kuma Ya sa wa hannuna albarkar naki.

Jiya na je na miƙa takardar ajiye aiki. Malam Tukur ba ya nan, sai na ajiye ta gaban hularsa, tunda ita ce mai riƙe da sashen. Na ɗauki mayafinki na kakkaɓe. Har yanzu da sauran ƙamshin turarenki a jiki. Na yafa shi a kan nawa, na fito da mu duka biyun, ni da shi, na ja wa 'yan ofis ƙofa.

'Yarki,
Hajara