Kunnen Kaset ɗin Malam Na'Allah

Illela, 3 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga Gwaggona Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida da abokan aikinki na gidan talabijin. Mu nan lafiya lau, Baba ya haura Ƙonni da kaya tun jiya.

Gwaggo, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Inna ba ta sani ba. Na lalata kaset ɗin Malam Na'Allah.

Idi direba ya kawo saƙonki cewa shirinku na yara, Allo da Alli, ya cika shekara goma, za ku ba da tarihin kaset-kaset ɗin waƙoƙinsa, in aiko miki da na farko wanda Malam ya ba ni ajiya. Tunda na karanta na kasa cin tuwo. Kin san rikodar Malam tana cin zare, shi ya sa ya kawo shi gidanmu. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan zauna zaurenmu, in fito da rikodar Baba in sa masa, ya ji muryarsa ta da, kafin aikin da anka yi masa a maƙogwaro.

To wata rana ina son in kunna, sai yatsana ya zame ya danna jan maɓalli. Ban lura ba, ya yi ta naɗa. Kusan duk gefen farko ya tafi. Wata biyar ke nan. Na ce wa Malam zaren ne ya tsinke, ina kan gyara. Ya matso kusa don in ji shi, ya ce, "Kar ki yi gaggawa, ɗiyata. Na yarda da hannunki." Har yanzu yana zuwa duk Juma'a, ya gaisa da Baba, ya dube ni, ni kuwa in dubi ƙasa.

A littattafan da nake karantawa, in yarinya ta yi laifi sai ta suma, a yayyafa mata ruwa, kowa ya yafe mata. Ni na jira, ban suma ba.

Don Allah ki kwafo mini wani daga wurin aikinku, in mayar cikin kwalinsa, ba sai ya sani ba. Ki yage wagga takarda in kin karanta.

Taki ɗiya mai biyayya,
Raliya

Sakkwato, 6 ga Oktoba, 1988

Raliya,

Na amsa gaisuwa, ki gaida Innarki da yayana in ya dawo. Takardarki ban yage ba, tana cikin jakata.

In kwafo miki daga ina? Kina tsammani in muna da shi zan nemi naki? Zauna in ba ki tarihin, tunda ke ce kika shiga cikinsa da ƙafa biyu.

Kaset huɗu shirin nan ya fitar. Na huɗu, na bara waccan ne, 1986, mai jita da fiyano, wanda Malam ke kira kiɗan biki. Yana ko'ina a kasuwa. Na uku na waƙoƙin tsafta ne, 1983. Malam ya rubuta su yana kwance asibiti, Hasana mawaƙiyar shirinmu ta rera, don a lokacin murya ta riga ta tafi. Na biyu na lissafi ne, 1980, yara zalla sunka yi shi. Shi ne ya ƙetare iyaka, har 'yan lakwal, yaran makarantar Faransanci ta Ƙonni, suna rera ɗaya da ɗaya biyu da Hausa suna ba malamansu haushi.

Na farko kuwa ba a ɗakin naɗa munka yi shi ba. Nan Illela ne, cikin ajin Malam, da batirin mota, mun toshe tagogi da tabarmi don kukan jakai. Waƙoƙin baƙaƙe shida. Shi kaɗai ne kaset ɗin da Malam ya rera da bakinsa. Guda ashirin munka buga, ba na sayarwa ba, munka raba wa makarantu. Babban faifan da munka kwafo su daga ciki kuwa, ruwan damina ya cinye shi a ɗakin ajiya. Watan jiya na bi ƙauyuka da kaina. A Tozai sun ce rana ta narkar da nasu. A Garu hedimasta ya tafi da shi da anka canza masa wurin aiki. A Lafani na iske zaren ɗaure a gona yana korar tsuntsaye. Saura naki.

Kina cikin yaran ajin, ko kin manta? Shekararki shida, kina layin gaba, bakinki yana motsi babu sauti. Malam ya ce a ƙyale ki, wata rana za ki yi magana.

Yanzu ga tambayata. A saman kowane kaset akwai 'yan kunnuwa biyu. In an karya su, jan maɓalli ba ya dannuwa, ko da giwa ta taka shi. Kaset ashirin ɗin nan ni na karya kunnuwansu, ɗaya bayan ɗaya, da tsinken ɗan kunnena. To yatsan naki da ya zame, ta ina ya bi?

Ki ba Idi amsa, ba na son tatsuniya.

Gwaggonki,
Umma

Illela, 10 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga Gwaggona,

Gaisuwa da ban girma. Ina fata kin tashi lafiya. Na karanta takardarki a bayan rumbu, sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba.

Ƙarya na yi miki. Yatsana bai zame ba. Na danna maɓallin ya ƙi, na sake dannawa ya ƙi. Na tuna yadda na ga masu kaset na bakin kasuwa suna yi, na yago takarda daga littafin lissafina, na naɗe ta ƙanana, na cusa a ramin kunnen. Sai da na yi sau uku kafin ta zauna. Ina da lokacin da zan fasa, Gwaggo, ban fasa ba.

Za ki ce don mi. Na rubuta wani labari ne, irin na littattafan da ƙawata Jamilatu ke aro mini. Cika littafi guda na yi. A ciki yarinyar tana magana ba ta jin tsoron kowa, tana faɗin abin da ke ranta har mutane su yi shiru. Sai na so in ji yadda kalmomin za su fito a bakina. Ni da ko sallama na yi sai an ce in sake, ba a ji ba. Ban yi niyyar kowa ya saurara ba, wallahi.

Sabon kaset kuwa sai an je rumfar bakin kasuwa, inda samari ke zaune suna tambayar yarinya wa za ta aika wa murya. Na je har sau biyu, na wuce kamar gishiri anka aike ni. Na dawo na buɗe akwatin Baba, duk na karatun Alƙur'ani ne da wa'azi. Hannuna ya ƙi taɓa su. Na ji tsoron Allah a kan waɗancan, ban ji kunyar Malam a kan nasa ba. Na ce a raina ai gidan talabijin suna da irinsa ɗaki guda.

Ba a zama ɗaya na yi ba. Kwana huɗu ne, da hantsi, in Inna ta shiga maƙwabta. In na naɗa sai in mayar baya in saurara, in bar shi ya ɗan wuce, washegari in ci gaba daga inda ya tsaya. Shi ya sa akwai gutsattsarin waƙa a tsakani. Wuri guda ina cewa "hasken idona", sai ki ji Malam ya shigo da ƙarfinsa, "Ƙa ta ƙadangare, mai gaisuwa da ka," yara su amsa, sai kuma ni. Gefe na biyu ban taɓa ba, amma kin san waƙa ɗaya ce a can, sauran duk gaishe-gaishen manyan baƙi ne.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi. A labarin sunan saurayin Yarima. Rana ta uku ban san yadda anka yi ba, na daina cewa Yarima. Na ce Attahiru. Attahirun Malam, autansa, wanda ke kwalejin horon malamai. Sau bakwai, na ƙirga. Ban taɓa ce masa komai ba bayan ina kwana, shi ma ban tabbata ya san sunana ba, Rahmatu yake ce mini.

Ga shawarar da na yanke. Zan sake cusa takardar, in naɗi shiru a kan muryata, in bar gutsattsarin waƙar, sannan in ba Idi ya kawo miki. Ke kuma ki ce wa Malam a hanya ya lalace. Na roƙe ki.

Taki mai jin kunya,
Raliya

Sakkwato, 12 ga Oktoba, 1988

Raliya,

Lafiya lau, na gode. Kafin komai: kar ki kuskura ki sake kusantar jan maɓallin nan. Na kai maganar wurin Halliru, mai haɗa mana sauti, ban faɗi sunanki ba. Ya ce rikodar gida ba ta san iyaka ba, in kin ce za ki goge naki sai ta lashe na Malam gaba da baya. Shi yana da na'urar da zai tsinto gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, amma sai kaset ya zo masa yadda yake, kuma sai ya saurare shi tun daga farko har ƙarshe. Da hasken idon, da Attahirun bakwai.

Na yi fushi kwana guda. Da na zo kan Rahmatu kuma na yi dariya har mai shara ta leƙo. Shekara goma muna jira ki buɗe baki, ashe da kin buɗe sai kin cinye waƙa biyar. Kar ki ɗauka dariyar ta wanke ki. Ni ma a shekarunki na yi rubuce-rubuce, amma a kan takardata na yi.

Batun in ce a hanya ya lalace, ba da ni ba. Idi bai yi mana komai ba da za mu rataya masa. Kuma na yi kuskure tun farko da na ce ki aiko mini. Kaset ba nawa ba ne, ba na gidan talabijin ba ne, ba naki ba ne. Mai shi yana nan gida uku tsakaninku, yana zuwa duk Juma'a yana jiran gyaran da babu shi. In ya ce a kawo mana, a kawo. In ya ce a jefa rijiya, shi ya sani. Shirinmu zai iya fita da kaset uku da haƙuri.

Ba zan gaya masa ba, ba zan gaya wa Babanki ba. Na san bakinki ba zai iya ba. Amma na ga hannunki yana iyawa, shafi huɗu kika cika mini. Malam murya ya rasa, idonsa garau yake.

Labarin naki kuma ki adana shi, ina son in gani. A takarda.

Gwaggonki,
Umma

Illela, 14 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Malam, zaren kaset ɗinku bai tsinke ba. Ni na toshe kunnensa da takarda, da gangan, na naɗi muryata a kan waƙoƙinku biyar. Wata biyar ina yi muku ƙarya kuna sa mini albarka. Gwaggo Umma ta bincika ko'ina, babu wani irinsa. Abin da ya rage shi ne waƙar gefe na biyu, da gutsattsari huɗu a gefen farko. Mafi tsawo a ciki bai kai minti ɗaya ba. An ce a Sakkwato za a iya tsinto su, in kun yarda.

Abin da na naɗa labarin soyayya ne da na rubuta. Akwai sunan Attahiru a ciki. Shi bai san komai ba, ba shi da laifi ko kaɗan. Na so in roƙe ku kar ku saurara, sai na ga ba ni da bakin roƙon. Ba yadda za ku kai ga muryarku sai kun bi ta kan tawa.

Ban ce ku yafe mini yau ba.

Ɗalibarku,
Raliya

Na rubuta wagga takarda tun da safe. Na yi tunanin in tura ta ƙarƙashin ƙofarku, na yi tunanin in ba Inna Ramatu, mai ɗakinku, ta miƙa muku in na yi nisa. Yanzu ga shi an sauko masallaci, ina jin Baba yana shimfiɗa muku tabarma a zaure. Zan kawo da kaina. In kun gama karantawa kun ɗago kai, ina nan tsaye bakin ƙofa, da kaset ɗin da rikodar.