Sunan Da Kakarki Ta Ɓoye

Ya sanyin idona, ruwan farko a kan gonar shinkafata, Joy tawa,

Kin ga Joy na rubuta. Shi kaɗai na rubuta.

Kin tuna ranar da muka je neman takardar aure a Dumangas, na leƙa takardar haihuwarki na ga sunanki Hazel? Kika fizge, kika ce in bar shi inda na gan shi. Ni kuwa sarkin taurin kai sai da na bincika: ashe sunan wata bishiya ne da ba ta ma tsirowa a ƙasarmu. Joy farin ciki ne, na sani, amma a layinmu kaɗai Joy huɗu ne, har da mai soya ayaba. Wancan kuwa duk garin ke kaɗai ke da shi. Shekara biyu ina raɗa miki shi a kunne, ina ganin na fi kowa iya soyayya.

Jiya a ƙofar asibiti kakarki, Lola Pining, ta cafke min riga. Ta ce, "Kai ɗan nan, ce maka aka yi ban san suna mai daɗi ba? Jikata tana wata bakwai zazzaɓi ya kusa tafiya da ita, na sake mata suna don ciwo ya ɓata hanya. Cikin taron su Joy na cusa ta, in ya dawo nema ya rasa wacce ce. Kai kuma ka tsaya kana nuna masa ita."

Ni malamin kimiyya ne, da can dariya zan yi. Likita ya ce ƙarin da ke cikinki ba ruwansa da suna, kuma na yarda. To me ya sa tun jiya maganar kakarki ta ƙi barin raina? Idan ni ne na kira shi fa? Tsoro nake ji, masoyiyata, irin wanda ban taɓa ji ba.

Gobe da safe za a yi miki aiki. Don Allah ki farka. Wancan sunan yau ne ƙarshen fitarsa daga hannuna da bakina. Ki warke mu je kasuwa, in ƙwala kiran Joy, mata huɗu su waiwayo, ciwo ya ruɗe. Ni dai ba zan ruɗe ba.

Naki har ƙarshen numfashina,
Efren