Tumbi Bai Ga Matarsa Ba Tukuna

Zuwa ga angona, Kan Tulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya tsare ku a ƙasar nan da ka maƙale mata kamar kaska. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar gwaggonka ta yi sauƙi. Ƙanwarka ta sauka lafiya, jaririn ya kwaso kanka kaf, Allah Ya ba uwarsa haƙuri.

Maganar kakanka ce ta sa na ɗauki biro. A waya nakan ce maka da sauƙi, to, babu sauƙi. Mutumin da ke kiranka ɓarawon matarsa, yau matar ma bai san ta ba. In na kai masa ruwa sai ya karɓa da hannu biyu, ya kira ni baiwar Allah, ya tambaye ni ko na ga iyalinsa. Ranar da ya fara, ɗakin girki na shige na yi kukana, na ce wa gwaggonka albasa ce.

Ka tuna katun ɗin nan na jirgin ruwa mai tashi sama, wanda kuke cika mini falo dominsa bayan la'asar? Yarensu babu mai ji, sai na naɗa kaina tafinta. Ni na raɗa wa gajeren nan mai jar hula suna Tumbi, na ce matarsa yake nema tsibiri tsibiri, ta gudu ne saboda minsharinsa. Kakanka yana bakin ƙofa da rediyon mutane a cinya, wai shi gyara yake yi, katun shirmen yara ne. Amma da na ja minsharin Tumbi sai ya ɗago ya ce ai ya san da shi nake, ya kira ni Uwar Ƙarya. Kai kuwa kana waje rungume da sandar eriya, muna ta yi maka ihu ka juya, ka tsaya, ka koma, rabin labarin ta taga ka gan shi. Yanzu ba a yin irinsa. In hadari ya taso, jirgin nan ya kutsa gajimare da filafilansa duk faci, har mu manya sai mun riƙe numfashi.

To, wanda ka turo wa ƙanwarka a waya, mai fassara, mun kunna masa. Ashe Tumbi ba shi ne ma shugaban jirgin ba, mai dafa abinci ne, kuma gwauro ne, wai wani dutse suke nema su ceci duniya. Ina ruwan wani da dutse? Kakanka ya kalla kamar mai kallon bango. Sai na ce ƙanwarka ta kashe muryar. Na gyara zama, na ɗora nawa labarin, na ja minshari har sai da na ƙware. Kan Tulu, sai tsohon nan ya juyo ya zuba mini ido, ya ce ashe Uwar Ƙarya har yanzu ba ta tuba ba. Na ci gaba da zuba labarina.

Tun daga ranar kullum sai mun yi. Muddin ina zuba, mijina ne, ina yin shiru ya koma baƙo. Sai dai idonsa ya yi rauni, dishi-dishi yake ganin hoton, shi a ganinsa eriya ce ta goce. Sai ya juya wajen taga ya ce a gaya wa ɓarawon nan ya juya sanda. Mun ce masa waya ba ta da sanda, bai yarda ba. Mijin ƙanwarka ya zagaya ya tsaya a tagar don ya kwantar masa da hankali, ya dube shi ya ce wannan kan bai kai ba. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma har aka ɗauke wayar idonsa na kan taga.

Likita ya daina ƙara magani, ya ce mu ba shi duk abin da ransa ke so. Kai mai ilimi ne, ka san fassarar wannan ba sai na yi maka tafinta ba. Na san aiki, na san nisa, amma zumunci a ƙafa yake. Jiya ya tambaye ni yaushe Tumbi zai ga matarsa, wai shi ya gaji, a kai ƙarshe ya kwanta. Nan take na tayar wa jirgin da guguwa, na karya masa filafili, na jefa shi wani tsibiri da babu kowa. Zan ci gaba da ɓatar da shi iya ƙarfina, amma ni ma na tsufa, ƙaryata ta kusa ƙarewa. Ka taho.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, da Autarku, da ɗan baƙin nan naka mai kama da kai. Gwaggonka da ƙanwarka da mijinta suna gaishe ku. Kakanka kam ba zan ce yana gaishe ka ba, nemanka yake.

Wassalam,
Kakarka.