Minti Ashirin Zuwa Tafki

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Jiya muka dawo daga Seattle. Bikin 'yar Moro, mutumin garinmu da ke zaune can, ya yi kyau, amma ba shi ne zancen ba.

Ranar Asabar Moro ya cika motoci biyu da mu matan unguwar Bronx, wai zai kai mu kurmi mu ga wani tafki. "Minti ashirin ne a ƙasa, Hajiya Balki, hanya a shimfiɗe." Tuƙin awa uku kafin a ga bakin dajin ma. Gaskiya wurin da kyau, ba zan yi wa daji ƙarya ba. Itatuwa sai wuyanka ya gaji da ɗagawa, gansakuka ta rufe komai, ruwa na ɗiga daga ganye ko ba a yayyafi, an jera katako a kan taɓo mutum ya taka. Amma gwiwata ta dama, wadda na yi shekara goma sha shida ina ɗaga tsofaffi daga gado da ita, ta ce ita nan ta tsaya. Na zauna kan wani kututture ina haki, ɗankwali ya karkace, ina yi musu hannu su wuce.

Ashe Fusena, 'yar kawuna, tana ɗaukata a waya.

Yau da safe ta saka a guruf ɗin waya na matan Zongo, wato mu 'yan zango na gida. Mutum tamanin da huɗu. Ta rubuta a ƙasa, "Baiwata ta ci daji da yaƙi." Ina cikin jirgin ƙasa na gani.

Talata, 6 ga Agusta

Na kai ƙara wajen Hajiya Sharifa, tunda ita ce babbarmu a nan. Dariya ta yi har da share hawaye. Ta ce, "Haba Balki, 'yar kawunki ce fa. Taubashiyarki ce. Wa ya taɓa yin shari'ar taubasai? Wanda ya yi fushi shi ya faɗi."

Wato shi ke nan. Ita ta tsira da lasisi, ni in haɗiye. Tun muna yara a Kumasi haka take yi mini, baiwata kaza, baiwata kaza, ni ma ina ramawa daidai gwargwado. Amma wancan a tsakar gida ne. Wannan a aljihun mutum tamanin da huɗu yake, kowa zai iya ciro ni ya kalla duk sa'ad da ya so dariya.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na je titi na 116 karɓar ɗinki. Tela, Banijare, mutumin da ko sunana bai riƙe ba, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, an dai huta ko?" Har can ya kai.

Ga Moro kuma a waya, wai ba ni haƙuri yake yi. "Ai da kin daure, kwanar hanya ɗaya ce ta rage. Ko minti biyar ba za ki yi ba." Allah ya isa tsakanina da wannan haƙurin. Na tsallake ƙasar nan kaf daga gefe zuwa gefe, na zauna minti biyar da tafkin, ban gan shi ba.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ba zan yi fushi a fili ba, tunda an ce wasa ne. To, wasa za a yi. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Laraba, 14 ga Agusta

Allah ba ya barci.

Akua abokiyar aikina, wadda ita ma aka je da ita, ta zaunar da ni lokacin hutu ta ce bari in nuna miki tafkin naki. Ruwa baƙi wuluk, a kwance ko motsi babu, dogayen itatuwa sun kewaye shi, ba gida ba jirgi ba kowa. Na ji haushin kyansa.

Sai ga wani bidiyo. Akua na juya waya a hankali, can gefe guda sai ga Fusena zaune dirshan cikin taɓo, leshinta mai tsada ya yi kaca-kaca, baki a buɗe tana rusa kuka kamar an ƙwace mata nama. Akua ta ce santsi ya kwashe ta, ita ma sai daga baya ta lura Fusena ta shiga hoton.

Na ce turo mini. Ta ce, "Sista Balki, me za ki yi da shi?" Na ce tafki zan kalla.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na kalla sau bakwai. Iska ta yi yawa a ciki, amma tana faɗar wata magana. Ba ruwana da abin da take faɗa.

Asabar, 17 ga Agusta

Na saka. Na jira sai da rana ta yi, kowa ya gama aikin gida ya ɗauki waya. Na rubuta, "Uwargijiyata ta iya ruwa, ba ta iya taɓo ba."

Minti goma na farko kamar sallah. Dariya na ta shigowa, ina tsaye a kicin ina juya miyar kuɓewa ina rawa da gwiwar nan tawa. Na ce yau Balki ta fanshe.

Daga nan sai tsit. Masu dariya suka fara goge dariyarsu ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya Sharifa ta kira. Ko gaisuwa babu. "Kin ƙara murya kin saurara kafin ki saka?"

Lahadi, 18 ga Agusta

Alhassan take kira. Mijinta. Wanda cutar nan ta shekarar 2020 ta ɗauke, aka kai shi maƙabarta a New Jersey ba ta ga fuskarsa ba. Hajiya ta ce da suna amarci ya taɓa kai ta tafkin Bosomtwe kusa da gida, ya yi alkawarin za su koma in sun tsufa. Ba santsi ba ne. Ƙafarta ce ta saki da ta ga ruwan.

Na ce wa Hajiya ban ji ba.

Wannan littafin nawa ne, ba mai karantawa. Tun ranar Alhamis na ji sunan. A kallo na uku na ji shi.

Amma ita ta fara. A rubuta wannan ma.

Litinin, 19 ga Agusta

Na goge. Ita ba ta ce komai ba a guruf. Nata bidiyon ma ta goge shi.

Asabar, 24 ga Agusta

Bikin sunan jaririn Latif, wani ɗan uwanmu, a gidansa na Concourse Village, hawa na tara. Na shirya tsaf. Na ce in ta zage ni a gaban mutane zan tsaya in sha, in ta mare ni ma ba zan ɗaga hannu ba, daga nan an yi canjaras.

Ta shigo, ta bi kowa ta gaisa. Da ta zo kaina sai ta ɗan rusuna.

"Hajiya Balki, ina wuni. Ya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi."

Hajiya Balki. Shekara hamsin da biyu ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta zuba mini waakye, shinkafa da wakenmu na gida, da hannunta, ta kawo mini ruwa, ta matsa mini kujera kamar wata baƙuwa daga Accra. Na yi wa abincin loma biyu na ajiye. Da ta watsa mini shi a fuska da ya fi mini.

Muguwa ce. Ta san abin da take yi.

Alhamis, 29 ga Agusta

Tela ya daina tsokana. Kowa ya daina. Na samu mutuncin da nake nema, ga shi nan jibge ban san inda zan ajiye shi ba.

Talata, 3 ga Satumba

Ba haƙuri na ba ta ba. Kada ma in zo ina ruɗin kaina nan gaba.

Saƙon murya ne kawai na aika mata da rana, daga gidan tsohuwar da nake jinya. Na ce, "Ke mai ƙafar agwagwa, waakyen da kika zuba mini ranar suna ko gishiri bai ji ba. Baiwarki ce ke magana." Muryata ta ɗan shaƙe a ƙarshe, sanyin na'urar ɗakin ne.

Ta saurara tun ƙarfe biyu da kwata. Har yanzu ba amsa.

Sau goma sha ɗaya na ɗaga wayar. Caji nake dubawa.