Ƙafar Cima da Rantsuwar Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a gidanta na gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke durƙusawa ya yi wa uwa, ko da yake gwiwoyina yanzu sai da lallashi suke lanƙwasuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta tarar da ke cikin ni'ima. Mutanen gida suna nan lafiya. Damina ta yi kyau, hatsi ya shiga rumbu, wake ne dai tsutsa ta ci rabonta ta bar mana saura.

Maganar autarki Cima ce ta zaunar da ni, da ƙafarta, da rantsuwar nan da kika yi tun ba a haife ta ba. Ki yi haƙuri in ɗauko zancen daga tushe. Kin san ni da jan magana, a bakinki na koya.

Ina ƙarami zazzaɓi ya kayar da ni, kika ɗora ni bisa jaki kika kai ni gidan likita a gari. Abin da na riƙe na ranar kaɗan ne, warin magani da farar rigar mutumin. Sauran daga gare ki na ji. Ya ɗauki alƙalami ya ce, "Mi sunan yaron?" Kika juya fuska wajen bango.

Ni ne ɗanki na fari. Ko a cikin ɗaki ba ki taɓa kama sunana ba, "kai wanga" nake, in kin ji daɗina kuma "yaron gidan nan". Gaban mutane kuwa ko goshina ba ki iya taɓawa, kunya ba ta bari. Mutumin ya sake tambaya da ƙarfi. Kika ce, "Ku tambaye shi." Ni kuma haƙorana ne kaɗai ke magana. Sai ya aje alƙalami ya ce, "Ko akuya ta san ɗanta. Ke wace irin uwa ce?" Mutanen da ke kan benci suka yi dariya.

Ban ce mugun mutum ba ne. Baƙo ne, daga nesa aka turo shi, ga jama'a ta yi masa yawa. Amma magana zarar bunu ce. Kika saɓe ni, kika fito, a bakin ƙofa kika ce, "Ƙafata ba ta ƙara taka gidan likita." Da ganyen sabara da rahamar Allah na tashi.

Kin cika alkawari, wannan kowa shaida ne. Ƙannena duk a ɗaki kika haife su. Lokacin da tarin nan ya kama ki, mun roƙa har bakinmu ya bushe, amsarki guda ce, "Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa."

To, Cima ta gaji tukunyarki, ta gaji tsakinki, ta gaji rantsuwar. Ba ta duniya ranar da abin ya faru, amma ta fi ni iya ba da labarin. A bakinta mutumin ya yi gashin baki, a wasu shekarun ma har bulala yake riƙewa.

Yanzu ta tsufa, Inna, autarki jikoki gare ta. Bayan girbin bana ta shiga gona kwasar kara, kututturen hatsi ya soke ta a tafin ƙafa. Ɗan rauni ne da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. Ta sa toka, ta sa garin bagaruwa, ta sa man shanu, ta ɗaure da tsumma. Ƙafa ta kumbura ta yi sheƙi, ta fara wari, ƙudaje suka san gidan. Babban ɗanta Haruna, mai kabu-kabu, ya je ya tambayi waɗanda suka sani, suka ce masa in aka bar ta haka, abin da zai biyo baya yanke ƙafa ne, in ma an yi sa'a. Ya zo ya durƙusa gabanta yana hawaye. Ta ce, "A yanke. Ɗiyar Inna ce ni."

Ana cikin haka Haruna ya zo mini da labari, wai za a yi taro a Gidan Rumji a ba wasu ma'aikatan lafiya lambar yabo. Na ce na waɗanda suka fi yawan yin allura ne? Ya ce a'a, Kawu, na waɗanda suke riƙe marar lafiya da mutunci ne, kuma marasa lafiyar aka bi aka tambaya. Na yi dariya har na ƙware. A saninmu ɗan kokawa ake ɗaga wa hannu, ko manomin da ya cika rumbuna. Amma a tara jama'a don wani bai yi wa tsohuwa tsawa ba? Na ce wannan ai kamar a yi wa rijiya kirari ne don an samu ruwa cikinta. Daga baya na tuna rijiyoyi nawa na leƙa a rayuwata na tarar da ƙasa. Na ce masa ya zo ya kai ni.

Na hau bayan babur ɗinsa na manne kamar kaska. An kafa rumfa, an jera kujeru, manya suka yi jawabi da Faransanci, aka juya da Hausa, wani ma ya sake juyawa don kada a ce bai yi magana ba. Aka kira wani dattijo mai shara, wanda ya saƙa zana da hannunsa ya kafa a baranda don kada a riƙa duba mata a idon masu wucewa. Aka kira wata ungozoma daga wajen Gidan Sori. Sannan aka kira Madam Sa'a, wadda ke aiki a ƙaramin gidan likitan da ke kusa da ƙauyenmu. Yarinya ce, sa'ar jikokinki, ta fito tana ɓoye fuska kamar an kama ta da laifi.

Ba jawabin manyan ne ya tsaya mini a rai ba. Wata Bafulatana ce daga rugagen da ke bayan gonakinmu aka miƙa wa abin magana, ta riƙe shi nesa da baki kamar zai cije ta. Ta ce ta kai ɗanta da gudawa ta kusa gamawa da shi. Madam ta tambayi sunansa, ta ce, "Dikko." Kin san Dikko ba sunan yanka ba ne wajen Fulani, abin da ake ce wa ɗan fari ne. Madam tana bukatar na yanka don ta rubuta, amma ba ta sake tambaya ba. Sai da ta gama duba yaron ta ba shi magani, sannan ta matso kusa ta ce a hankali, "Goggo, ni zan riƙa kiran sunaye. In na iso kansa, ki gyara lulluɓinki." Ta fara, Amadu, Umaru, Buba, Aliyu. Matar ta ce ita dai ta ji lulluɓinta ya zame, ta gyara. Madam ta rubuta, ba ta ko ɗago kai ba.

Jama'a suka yi tafi. Ni kuwa na kasa, Inna. Na ce wa Haruna hayaƙin babur ɗinsa ne ya shiga mini ido.

Da na koma ƙauye ban biya gida ba, wajen Cima na zarce. Na zauna nesa kaɗan saboda warin, na ba ta labarin tun daga rumfa har lulluɓi. Ta saurara tana korar ƙuda da mafici. Da na gama ta ce, "Yaya, ka manta ba ka ce gatanan gatananku ba." Na rantse mata da idona na gani. Ta ce ko da gaskiya ne, rantsuwa rantsuwa ce, ita ba za ta saɓa miki kina kwance ba.

A nan Allah Ya buɗa mini baki. Na ce ta maimaita mini abin da kika faɗa a bakin ƙofar, tunda ta fi ni riƙe shi. Ta maimaita da muryarki, har da tsakin. Na ce mata to, Inna "ƙafata" ta ce. Tata ƙafar ta rantse a kai, kuma ta tafi da abarta ba ta taka ba. Yaushe ta yi rantsuwa da taki, ke Cima, wadda a lokacin ko yatsa ba a halitta mata ba?

Ta ce ni dai tun ina yaro nake da bakin dillalai. Washegari ta aiko a gaya mini za ta je, amma da sharaɗi. Ƙafarta ba za ta taɓa ƙasar wurin ba. Bisa amalanke za a kai ta, bisa amalanke za a dawo da ita.

Haka muka ɗaura jaki, aka shimfiɗa tabarma, muka tafi. Ni dai na san gidan likita ba kasuwa ba ce da za a ce mai kaya ya fito waje. Haruna ya shiga yana sosa ƙeya ya yi wa Madam bayani. Ta leƙo, ta dubi amalanken, ta dubi Cima da ta haɗe rai kamar hadarin gabas. Ba ta yi dariya ba, ba ta ce wannan wane irin ƙauyanci ne ba. Ta ce a ja amalanken gindin itacen bedi inda inuwa take.

Sai da ta sallami waɗanda suka riga mu, sannan ta fito da kayan aikinta cikin faranti. Ta russuna ta gaida Cima har da tambayar jikoki. Ta kira mata biyu suka riƙe zane suka kewaye amalanken, ta ce mu maza mu je mu ga ko jakin yana bukatar ruwa. Daga inda nake ina jin muryarta. "Inna, in kwance tsumman?" "Inna, wannan zai yi zafi, ki riƙe kafaɗata." Cima ta gaya mini daga baya cewa ita fuskar yarinyar kawai take kallo, tana jiran ta ga ta yatsine don warin, ta samu dalilin cewa a kaɗa jaki. Har aka gama ba ta samu ba.

Abin da ya fi burge ni, ba ta kira mu gefe ta yi mana raɗa a kan mai ƙafa ba. Ita ta fuskanta. Ta ce mata ta auna jininta ta ga ciwon suga gare ta, shi ya hana raunin warkewa. Ta ce za ta riƙa wanke shi kullum da safe tana ba ta magani, in ya ƙi kuwa ba za ta ɓoye mata ba, sai an tafi babban gidan likita a Maradi, can kuma ba a duba mutum bisa amalanke. Cima ta ce, "Ta nan dai mu gani tukuna."

Muka yi ta zuwa. Jakin ya haddace hanya, ko sanda ba ya jira. Mutanen ƙauyukan kewaye suka saba da ganinmu, har masu tallar ƙosai suka koma gindin bedin. Kumburi ya fara saɓewa, wari ya tafi, nama ya fara tsirowa ja. An hana ta shayi mai sukari, wannan ne kaɗai take cewa an zalunce ta.

Ranar da nake son ba ki labari, Madam ta fito da farantinta kamar kullum, ga jama'a cike da baranda suna jiranta. Cima ta dube ta, ta dubi masu jiran, ta ce, "Ke ɗiyata, koma ciki. Ni ba buhun hatsi ba ce da za a riƙa auna ni bisa amalanke." Ta karɓe sandata ba ta ko tambaye ni ba, ta sauko, ta dogara, ƙafar mai ciwon ta fara sakawa cikin ƙofar. Ta samu wuri kan benci tsakanin mata. Kafin a kira ta na ji tana yi musu bayani cewa ai Inna ƙafarta kawai ta ce, ita ta zauna ta gano haka da kanta, maza ba su da wannan lurar. Na bar mata.

Ƙafa ta tsira, Inna. Jiya da ita ta taka har rijiya, tana faɗa da masu ɗibar ruwa a kan layi.

Ban san yadda za ki ɗauki wannan ba, shi ya sa na ce gara ki ji daga bakina. Ni dai a raina ban ga an saɓa miki ba. Abin da kika ƙi shi ne a wulaƙanta mutum a ranar da ba shi da ƙarfi, kuma ga shi an wayi gari ana tara jama'a don a yaba wa waɗanda ba su yin haka. Ba duka aka gyaru ba, har yanzu akwai masu tsawa, amma ƴan lakol, yaran makaranta, da suka cika bayan rumfar nan sun ga wanda aka tafa wa. Wani lokaci in na tuna tarinki nakan ce, kwana dai na Allah ne, ban ce da kin ƙara ko guda ba. Amma da na so a ce an samu hannu irin na yarinyar nan ya dafa miki baya, ya ce ki ja numfashi a hankali.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa kin huta. Allah Ya yi wa Madam Sa'a albarka, da ita da waɗanda ke irin aikinta a lungunan da ba a kafa rumfa ba. Ya ba Cima haƙurin shan shayi ba sukari, mu kuma Ya ba mu haƙurin zama da ita. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Wassalam. Ɗanki mai yi miki addu'a bayan kowace salla, daga ƙauyenmu na ƙasar Gidan Rumji.